FILIN 'YAN UWA MATA: Kasuwa Ta Ci, To Ina Za Mu Kewaya?

Na san da yawanku kuna jiran ci gaban maganar lefe da muka faro a fitowar da ta gabata, to ku gafarce ni, yau dai na ajiye ta a gefe, domin wani abu ya faru a gabana makon jiya wanda ya tsaya mini a rai na kasa haɗiye shi. Magana ce da ba a saba jin ta a bakin budurwa ba, ni kaina sai da na ɗauki biro na ajiye ya fi sau uku, ina gudun kada a ce wance ta rasa abin rubutawa sai zancen banɗaki. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mu ya mu ne a nan.

Bikin 'yar baffanmu ne ya matso, aka tashe mu ni da yayata mu shiga kasuwa haɗo kayan ɗaki. Yayar nan tawa tana da ciki wata bakwai, na so ta zauna ta ƙi, wai ita ta san ido na ba ya rabe labule mai kyau da na banza. Muka shiga wata babbar kasuwa a tsakiyar birnin nan tun wajen ƙarfe goma na safe, rana kuwa kamar ta fasa kai. Muka yi layin 'yan labule, muka yi na 'yan zannuwan gado, muka koma wajen masu kwanuka ana ta ciniki ana jayayya. Da ƙishi ya ishe ta sai ta sayi ruwan leda biyu ta shanye. Ba a yi awa ɗaya ba na ga ta daina magana, ta daina taya kaya, sai sauya ƙafa take yi tana cije leɓe. Na matsa na ce, "Yaya lafiya? Ko cikin ne?" Ta rage murya ta ce, "Ke fitsari nake ji kamar zan mutu."

Muka tambayi mai kantin da muke ciki a kunyace, bawan Allah ya sunkuyar da kai ya nuna mana wani lungu, ya ce akwai gidan wanka a can. Muka bi lungun muna tsallake kwata, da isarmu sai ga benci biyu a bakin ƙofa cike da maza, wani ana yi masa aski, wani ana yanke masa farce, wani ya fito da tawul a wuya yana goge kai, ga butoci an jera. Mai karɓar kuɗin ma namiji ne. Na yi ta maza na ce, "Malam akwai ɓangaren mata?" Ya ce akwai ɗaya a can ƙurya, sai dai mu ratsa ta gaban ɗakunan maza, kuma sakatar ta lalace sai ɗaya ta tsaya wa ɗaya. Duk idanun nan suka dawo kanmu. Yaya ta ja hijabina ta ce, "Wallahi ko zan fashe ba zan shiga nan ba, zo mu tafi."

Ke dai bari. Muka bar kayan a kanti, muka fito titi muka tari adaidaita sahu, ga cunkoso, kowane rami ya faɗa sai na ji ta damƙe hannuna. Unguwa ta farko da muka samu muka sauka, muka yi sallama a gidan da ba mu san kowa ba. Wata tsohuwa ta amsa, ko gama bayani ban yi ba ta miƙo buta ta nuna makewayi, ta ce, "Yi maza 'yar nan, ku ne na huɗu yau." Amma kafin nan aikin gama ya riga ya gama, zanen Yaya ya jiƙe tun a hanya. Tsohuwar nan ta ba ta aron zane ta ɗaura, Yaya ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska tana kuka, babbar mace mai 'ya'ya biyu, malamar makaranta da ake girmamawa. Ni ma ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. (Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta ce in rubuta, in dai ban ambaci suna ba.)

Tun daga ranar nake tambayar kaina, shin haƙƙi ne a kan hukuma ta samar da banɗakin jama'a a tsakiyar gari ko kuwa alfarma ce? Ni dai amsata ita ce haƙƙi ne, kuma mu mata mu ne muka fi kowa bin wannan bashi.

Ku duba mana ku gani. Namiji in ya matsu a kasuwa hanyoyinsa uku ne. Ko ya shiga banɗakin masallaci, ko ya biya ya shiga gidan wanka da ba-haya, ko kuma in ba shi da ta ido ya ɗauki buta ya juya baya ya tsuguna a jikin bangon mutane. Wannan ta ukun ce ta sa duk inda kika bi a gari za ki ga an rubuta da gawayi ko fenti, an hana fitsari a nan, wani ya ƙara da tara, wani ma da ya gaji sai ya rubuta Allah ya isa. Kuma abin dariya abin takaici, daidai ƙarƙashin rubutun nan ne zarni ya fi tashi. Ba na goyon bayan mai ɓata bangon wani, addininmu ma ya hana yin najasa a kan hanyar mutane ko inuwar da suke hutawa. Sai dai ka hana mutum ba ka nuna masa inda zai je ba, ai ba ka yi komai ba, ka dai tura shi bangon maƙwabcinka. To mace fa? Ita ko ɗaya daga cikin ukun nan ba ta da shi yadda ya kamata. Yawancin masallatan kasuwa ba a yi su da tunanin mace za ta zo ba, gidan wanka kun ji yadda muka kwashe, jikin bango kuwa Allah ya kiyashe mu.

Na san akwai masu cewa me ya fitar da mace tsakiyar gari tun farko, ta zauna a ɗakinta mana. To a je Kantin Kwari, a je Sabon Gari, a je Kurmi, a je Rimi ko Ƙofar Wambai a tsaya a bakin ƙofa a ƙirga mata daga hantsi zuwa la'asar. Akwai bazawarar da sarin atamfa take yi tana ciyar da marayu, akwai mai sayar da abinci da ke wuni a gaban tukunya, akwai wadda ta taso tun asuba daga ƙauye ta kawo yaro asibiti ta biyo ta tasha, akwai mai bin layin banki, akwai 'yan makaranta da ke tsayuwar jiran mota a rana. Ko matar da ke kulle ai tana fita asibiti da gaisuwar mutuwa da izinin maigidanta. Duk waɗannan mutane ne, suna da mara kamar kowa. Kuma kuɗin da suke kashewa a kasuwa ba a taɓa cewa na mace ne ba a karɓa ba.

Abin da muka koya wa kanmu shi ne dabarar da ke cutar da mu. Wace ce a cikinmu ba ta san wannan ba, in gobe za a shiga kasuwa ko za a yi tafiya, tun dare ake rage shan ruwa, da safe a kurɓi shayi kaɗan, a wuni da ƙishi a garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu? In kuma fitsarin ya zo a matse shi awa huɗu, awa biyar. Ina da ƙawa ma'aikaciyar jinya, da na ba ta labarin Yaya sai ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da nake so kowace yarinya ta ji. Ta ce hanyar fitsarin mace gajeriya ce ƙwarai, ba ta wuce kamar santimita 4 ba, ta namiji kuwa ta kai ninki huɗu ko biyar na haka, shi ya sa ƙwayoyin cuta ba sa shan wahalar hawa su isa mafitsarar mace. Yin fitsari a kai a kai shi ke wanke su ya fitar. In kika hana kanki ruwa kuma kika riƙe fitsari, kin ba su ɗaki kin ba su lokaci su hayayyafa. Daga nan sai zafin fitsari, ciwon mara, jin fitsari kowane lokaci amma ɗan kaɗan ke fita. In aka yi sake ya hau zuwa ƙoda sai zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ga mai ciki kuwa yana iya jawo naƙuda tun lokaci bai yi ba. Da ta faɗi wannan gabana sai da ya faɗi.

Ta kuma gyara mini wani kuskure da na daɗe da shi. Mu dai komai ya same mu a mara sai mu ce sanyi ne, a banɗakin wani muka ɗauko, shi ya sa wasu ko an nuna musu banɗaki mai tsafta ba sa shiga. Ta ce yawancin ciwon mafitsara ƙwayoyin da ke jawo shi daga jikin mutum kansa suke, daga bayan gida suke tsallakowa gaba, don haka a wajen tsarki a riƙa wankewa daga gaba zuwa baya, kada a dawo da hannu. Riƙon fitsarin da muke yi don gudun cuta, shi ne ma yake buɗe mata ƙofa.

Ban ma taɓo zancen al'ada ba. Audugar mata ana son a sauya ta bayan 'yan awoyi, to a ina? Ƙannena 'yan sakandare, na san kun fi ni sanin wannan tashin hankali, ki taso makaranta da farin wando ko farin hijabi, ga cunkoson mota, kina tafe kina waiwayen bayanki, kina roƙon ƙawarki ta duba miki. Wata saboda wannan kaɗai take ƙin zuwa makaranta kwana uku kowane wata, a ce mata malalaciya. Ga kuma salla. Sau nawa azahar da la'asar suka wuce mu a kasuwa saboda babu inda za mu kama ruwa mu yi alwala, sai mun dawo gida mu haɗa su da magariba muna istigfari?

Kada kuma wadda ba ta fita ta ce ba ruwanta. Ƙazantar da aka yi a bayan kasuwa ba ta zama a can. Ƙuda ya sauka a kanta ya tashi ya sauka a kan yankakkiyar kankana da gurasa da tsiren da maigida zai shigo miki da shi da daddare. Damina ta zo ruwa ya kwashe ta ya zuba a kwata, kwata ta tsiyaya cikin rijiya ko fasasshen bututun famfo. A shekarar 2021 hukumar NCDC mai kula da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohinmu na Arewa irin su Bauchi da Kano da Jigawa su ne a sahun gaba. Wannan cuta ba iska ce ke kawo ta ba, kashin mutum ne ke komawa bakin mutum ta ruwa ko abinci, ku yi haƙuri da kalmar.

Ba kuma za a ce hukuma ba ta sani ba. A watan Nuwamba na 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan umarni mai lamba 009, wanda ya ɗebi shekarar 2025 a matsayin lokacin da za a daina ba-haya a fili a ƙasar nan, kuma a cikinsa an ambaci cewa kasuwanni da makarantu da gidajen mai da wuraren ibada da asibitoci su kasance da banɗaki. Kowa ya leƙa bayan tashar garinsu ya ga inda maganar ta kwana. Sai dai a yaba wa maƙwabtanmu na Jigawa, domin a 2022 aka bayyana ta a matsayin jiha ta farko da ta kai ga wannan matsayi a duk Nijeriya. Ke nan abin ba gagara ya yi ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 2013 ta ware ranar 19 ga Nuwamba ta kowace shekara don maganar banɗaki kawai, ni da nake jin kunyar rubuta shafi biyu.

Da na kai wa baffanmu wannan ƙorafi, shi da ya daɗe yana aikin gwamnati kafin ya yi ritaya, dariya ya yi ya ce, "'Yata, ke yarinya ce. In hukuma ta gina, wata uku ya yi yawa an kwance kan famfo, an cire ƙofa, rami ya cika ba mai kwashewa, daga nan 'yan shaye-shaye su mayar da shi ɗakinsu. A bar wa 'yan kasuwa, su ne suka san zafin kuɗinsu." Ban musa masa ba, domin ni ma na sha ganin irin ginin nan, an yi masa fenti an yanke ƙyalle an ɗauki hoto, bayan shekara an garƙame shi da kwaɗo ciyawa ta fito a bakin ƙofa. Amma na ce, "Baffa, ai 'yan kasuwar aka bar wa, ga abin da ya samu Yaya." Ɗan kasuwa inda riba take nan yake zuba kuɗinsa. Ribar gidan wanka a wajen maza take, 'yan dako da direbobi da 'yan ci-rani waɗanda kullum sai sun biya sun yi wanka. Mace kuwa jefi-jefi take zuwa, shi ya sa ake jefa ta a ƙurya da ɓallalliyar sakata, ganin haka kuma sai ta ƙi zuwa, shi kuma ya ce ai mata ba sa zuwa. Wannan zagayen ba mai karya shi sai hukuma. Ita ke ba da fili, ita ke ba da izinin gini, ita ke karɓar haraji a hannun masu kantuna, to ta sa sharaɗi mana.

Tunda mu masu son finafinan Indiya ne, bari in ɗauko misali daga can. Waɗanda suka kalli Toilet: Ek Prem Katha na Akshay Kumar da ya fito a 2017 za su tuna amaryar da ta yi yaji saboda ta tarar gidan miji babu makewayi, sai dai ta bi ayarin mata zuwa daji kafin gari ya waye. Mun yi dariya a lokacin, muna cewa mu dai ko gidan ƙauye da shaddarsa. To a cikin gida mun fi su, a kasuwa fa? A can wani bawan Allah mai suna Bindeshwar Pathak ya kafa ƙungiyar Sulabh a 1970, suka riƙa gina banɗakunan jama'a da ake biyan ɗan abu kaɗan a shiga, kuɗin kuma shi ke biyan mai shara da ruwa da sabulu, ga su nan dubbai a biranen ƙasar. Duk da haka matan birnin Mumbai sai da suka tashi a 2011 da gangamin neman 'yancin yin fitsari, saboda maza suna yi kyauta su kuma ana karɓar kuɗinsu, ga ɗakunan mata ba su kai na maza yawa ba. Ashe ko ina aka je sai mace ta buɗe baki ake tunawa da ita.

Ni ba wani gini na a zo a gani nake roƙo ba. Ƙofar mata ta kasance daban, ta kalli wani gefen da ba majalisar maza. Mai karɓar kuɗi da mai shara su zama mata, ga zawarawa da dattijai nan birjik masu neman abin yi, kuma mace in ta ga 'yar uwarta a bakin ƙofa hankalinta ya kwanta, ɗan shaye-shaye ma ba ya raɓar wurin da ke da mai tsaro. A sa ruwa, a sa sakata mai aiki, a sa fitila, a ajiye kwandon zuba auduga mai murfi. A yi na tsuguno, shi muka saba da shi kuma ya fi sauƙin wankewa. In da hali a ware ɗan wuri a shimfiɗa tabarma, mace ta yi salla ta gyara wa jaririnta. A karɓi kuɗi kaɗan ban ƙi ba, don abin da aka ce kyauta ne a ƙasar nan shi ke fara mutuwa, amma mai ciki da tsohuwa da yarinya mai kayan makaranta a bar su su wuce.

Mu ma fa da namu laifin, kada in yi son kai. Wata za ta shiga wuri tsaf ta fito ta bar shi kamar ba 'yar Musulmi ba, ta tura auduga da leda cikin rami ya toshe, ruwa yana gabanta ba za ta kora ba. Irin wannan ke sa masu gidajen mai da manyan kantuna su kulle nasu su ɓoye makulli, su ce ya lalace.

Kafin Allah ya kawo gyara, ƙannena, ku sha ruwanku, kada ku wuni da ƙishi. Ki riƙa tafiya da auduga ta sauyi da 'yar leda da guntun sabulu a jaka. In kin matsu ki nemi mace mai sayar da abinci ko mai kanti ki tambaye ta, su suka san inda suke zuwa. In ta kama sai an shiga gidan mutane, to kada ki kuskura ki shiga ke kaɗai, ku zama biyu, ki tsaya daga zaure sai kin ji muryar mace ta amsa. Wadda kuma take jin zafin fitsari ta je asibiti a gwada, ta bar sayen ƙwayoyi barkatai da jiƙe-jiƙen maganin sanyi. Masu 'yan uwa a ƙungiyar 'yan kasuwa ko a ƙaramar hukuma, ku karanta musu wannan shafi in sun dawo gida an ci tuwo.

Shekaranjiya na koma unguwar nan na mayar wa tsohuwa zanenta, Yaya ta haɗo ni da turmin atamfa da sabulu in kai mata. Da ƙyar ta karɓa. Muna cikin gaisawa sai ga sallama daga zaure, wata mata ce da goyo da ledojin kasuwa a hannu, tana ta sauya ƙafa. Tsohuwa ko tambaya ba ta yi ba, ta ce da jikarta, "Ke miƙo butar nan." Ta dube ni ta ce wai ɗanta yana ta faɗa, ramin gidan da ake kwashewa shekara-shekara yanzu ba ya kai wa, kuma kuɗin masu kwasa shi ke biya.

Yaya tana gaishe ku, an duba ta a asibiti lafiya lau ita da cikin. Wadda irin haka ta taɓa samu a garinsu ta rubuto mini ta adireshin mujalla, ba sai ta sa suna ba. Maganar lefe kuma sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.